Farin Haƙori da Ƙarfen Gyara: Me Ya Sa Likita Ke Cewa a Jira Mako Biyu?

A ce ga wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare, haƙoranta na gaba sun hau kan juna tun tana ƙarama, har ba ta son yin dariya a hoto. Shekara guda ta yi tana roƙon mahaifinta kafin ya amince ya haɗa kuɗin da za a sa mata ƙarfen gyaran haƙora, irin wanda kuke gani a bakin wasu, 'yan maɓallai a jere waya ta ratsa su. Aka ba ta ranar zuwa asibiti. Ana saura kwana uku sai wata ƙawarta ta ce ai gara ta fara haska haƙoran kafin a rufe su da ƙarfe, ta miƙo mata wani ɗan kwali da ta saya a intanet. Ta shafa dare uku a jere. Ran da ta je, likita ya tambaye ta ko ta sa wa haƙoranta wani abu kwanan nan, kunya ta hana ta faɗa. Aka manna maɓallan, aka ɗaura waya, ta koma gida da murna. Kafin mako ya zagayo, tana cin burodi da safe, biyu suka ɓalle suna lilo a jikin waya.

Ni na ƙirƙiri labarin don misali, amma abin da ke cikinsa shi ne ainihin abin da likitocin haƙori ke gudu idan suka yi wannan tambayar. Maganin haska haƙori da gam ɗin da ake manna ƙarfe da shi ba sa jituwa idan suka haɗu a kusa da juna. Dalilin kuwa yana nan cikin darasin kimiyyar sinadarai da kuke yi a aji, sai dai ba a taɓa kawo muku shi ta bakin mutum ba.

Yadda ƙarfe ke kama haƙori

Ku shafa harshenku a kan haƙoranku na gaba. Santsin da kuka ji na ɓawon haƙori ne, wanda masana ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, domin kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne zalla. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, mai launin rawaya, da ake kira dentin, can ciki kuma sai jijiyoyi da hanyoyin jini. To ta yaya za a manna ɗan maɓallin ƙarfe a kan abu mai santsi kamar tangaran, a cikin baki mai yawu, ya zauna shekara biyu ana tauna da shi ana goge shi safe da yamma?

Da can ma ba a iya ba. Likitocin farko sai dai su zagaye kowane haƙori da zoben ƙarfe, su liƙa maɓallin a jikin zoben. Bakin yaro ya cika fal da ƙarfe, kuma kafin a sa zoben sai an ɗan raba haƙoran da juna, abin da ke da zafi ƙwarai.

Wanda ya buɗe hanya wani likita ne mai bincike a birnin Rochester na Amurka, Michael Buonocore. Ya lura cewa a masana'antu, kafin a yi wa ƙarfe fenti ana wanke shi da asid ɗin fosforik don fentin ya kama. Sai ya ce me zai hana a gwada a haƙori? A shekarar 1955 ya wallafa sakamakon gwajinsa: ya ɗiga asid ɗin mai ƙarfin kashi 85 cikin 100 a kan haƙori na daƙiƙa 30, ya wanke, sai ga roba ta kama inamel fiye da yadda aka taɓa gani. Bayan shekara goma, a 1965, wani likitan gyaran haƙora mai suna George Newman ya yi amfani da dabarar ya manna maɓallai kai tsaye a kan haƙori ba tare da zobe ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga irin wannan dabara. Mai faci ba ya shafa sholisho a kan tif mai santsi, sai ya kankare wurin ya yi kaushi tukuna. Aikin da asid ke yi wa haƙori ke nan. A yau ana amfani da mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, galibi mai launin shuɗi don likita ya ga inda ya sa, a bar shi daƙiƙa 15 zuwa 30. Idan aka wanke aka busar, wurin zai yi fari fat kamar alli. Da za ku duba shi da madubin ƙara girma mai ƙarfi, za ku ga ya koma kamar saƙar zuma, cike da dubban 'yan ramuka waɗanda zurfinsu bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Sai a shafa gam mai ruwa-ruwa, ya gangara cikin ramukan, a ɗora maɓallin, a haska masa wata shuɗiyar fitila na 'yan daƙiƙoƙi. Nan take gam ɗin ya daskare. Kowane rami yanzu yana ɗauke da ɗan yatsan roba da ya shige ciki ya maƙale, kuma waɗannan dubban 'yan yatsu su ne ke riƙe da maɓallin.

Ku riƙe wannan hoton na 'yan yatsu a ranku, za mu dawo kansa.

Akwai ma'aunin da ake auna ƙarfin wannan kamu da shi, ana kiransa megafaskal. Megafaskal ɗaya daidai yake da ƙarfin niyuton ɗaya a kan kowace murabba'in milimita. A 1975 wani masani a Birtaniya, Reynolds, ya kawo shawarar cewa kamun da ya kai tsakanin 6 zuwa 8 ya isa ya jure tauna da jan waya, kuma har yau da wannan adadin masu bincike ke kwatanta sakamakonsu. Masu son lissafi ku gwada: gindin maɓalli ɗaya yana da faɗin kamar murabba'in milimita 10. Ku ninka, za ku samu niyuton 60 zuwa 80, wato kamar a rataya wa ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba nauyin kilo 6 zuwa 8. Kuma ba a so kamun ya yi ƙarfi fiye da kima, domin ran da za a cire ƙarfen ana so gam ɗin ya saki ba tare da ya ɓantaro inamel ba. Tsakanin "ya yi rauni" da "ya yi yawa" tazarar ba ta da faɗi sosai, shi ya sa duk abin da zai rage kamun ko da kaɗan ne likita ke ɗaukarsa da muhimmanci.

Ruwan da ke kumfa a kan ciwo

Kusan duk maganin da ke haska haƙori da gaske, ko na asibiti ko na kwali, sinadari ɗaya ne ke aiki a cikinsa: haidurojin feroksaid. Kun san shi. Shi ne ruwan nan da ake saya a kemis a zuba a kan ciwo ya yi ta kumfa. A allon aji ana rubuta shi H2O2, wato ruwa ne da aka ƙara masa ƙwayar oksijin ɗaya. Wannan ƙarin ba ya zama lafiya, kullum neman hanyar ficewa yake. Kumfar da kuke gani a kan ciwo iskar oksijin ce ke fita, saboda akwai wani sinadari a jini da nama mai suna katalas da ke farfasa feroksaid cikin gaggawa. Idan malaminku na bayoloji ya taɓa jefa ɗan yankan ɗanyar hanta ko dankali a cikin kwalbar gwaji kumfa ta taso, abin da kuka gani ke nan.

Ƙwayoyin feroksaid ƙanana ne ainun, don haka ba sa tsayawa a saman haƙori. Suna ratsa inamel su isa dentin, su tarar da manyan ƙwayoyin launi da suka taru a ciki, su farfasa su zuwa ƙanana marasa launi. Haƙori ya yi haske daga ciki. A asibiti akan yi amfani da mai ƙarfi, kashi 25 zuwa 40 cikin 100, a rufe dasashi da kyau kafin a shafa, domin yana ƙona nama. Na gida kuwa yawanci wani ɗan'uwansa ne mai suna kabamaid feroksaid, wanda idan ya narke a baki, mai ƙarfin kashi 10 yakan saki feroksaid kamar kashi 3 da rabi, a hankali cikin sa'o'i.

Wani abin dariya a tarihin nan shi ne, likitan gyaran haƙora ne ya gano hanyar haskawa ta gida, kuma ba ita ya fita nema ba. A ƙarshen shekarun 1960, William Klusmier na jihar Arkansas a Amurka yana fama da yaran da dasashinsu ya kumbura bayan an gama yi musu gyara. Sai ya ce su riƙa zuba wani maganin kashe ƙwayoyin cutar baki mai ɗauke da kabamaid feroksaid a cikin robar da suke kwana da ita a baki. Dasashi ya warke, sai kuma ya lura haƙoran yaran suna ta yin fari. Maganar ta yi ta yawo tsakanin likitoci har 1989, lokacin da Van Haywood da Harald Heymann na Jami'ar North Carolina suka wallafa hanyar a rubuce. Daga nan kasuwar farin haƙori ta buɗe a duniya. Ku lura da jerin abin a wurin Klusmier: gyara ne ya riga, haskawa ta biyo baya.

Inda rigimar take

Gam ɗin haƙori ba ya bushewa kamar yadda fenti ko laka ke bushewa. Daskarewa yake yi ta hanyar sarƙa. A cikin ruwan gam ɗin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace tana zaman kanta. Idan shuɗiyar fitila ta haska, wani sinadari a ciki yakan saki 'yan ɓarɓashi masu neman abin kamawa, waɗanda masana ke kira radikal. Ɗaya ya kama ƙwaya, ita kuma ta kama ta kusa da ita, wannan ta kama ta gaba, cikin ƙiftawar ido dogayen sarƙoƙi sun haɗu sun sarƙe da juna, ruwa ya zama abu mai tauri.

Ku ɗauka ɗalibai ne a filin asambile aka ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi har a zagaye makaranta. Oksijin shi ne yaron da zai shigo layi ya cafke hannun na ƙarshe, sannan ya sa ɗaya hannun a aljihu. Sarƙa ta tsaya a nan. Idan irinsa suka yi yawa, maimakon doguwar sarƙa ɗaya sai a samu guntaye birjik. Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali na oksijin: ko a ciko na yau da kullum, saman da iska ke taɓawa yakan rage da ɗan danƙo bayan an haska fitila, sai an goge.

To, haƙorin da aka haska jiya cike yake da ragowar feroksaid da oksijin da suka maƙale a cikin inamel da dentin, suna fitowa sannu a hankali. Wanke baki ba ya fitar da su, haka ma goga da man goge baki, domin a ciki suke. Likita zai sa asid, ramuka su buɗe yadda ya kamata, ya shafa gam ya gangara ciki. Amma a daidai cikin ramukan nan, inda ake so 'yan yatsun roba su yi tauri, nan ne oksijin ke ɓulɓulowa. A ido komai lafiya, maɓalli ya zauna daram. A can ƙasa kuwa yatsun ba su nuna ba.

An ga wannan da ido. Wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada, ƙarƙashin Keith Titley, sun yi jerin gwaje-gwaje daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 da haƙoran shanu, waɗanda ake yawan amfani da su a irin wannan bincike saboda suna da faɗi kuma samun su ba wuya. Suka jiƙa wasu a feroksaid mai ƙarfin kashi 35, suka bar wasu, suka manna wa duka roba, sannan suka sa na'ura ta ture ta don a ga ƙarfin da za ta jure. Ta kan haƙoran da aka haska ta saki da wuri. Da suka duba da madubin lantarki, suka tarar 'yan yatsun sun yi ƙaranci, sun gajarce, ba su da siffa mai kyau, ga kuma alamun kumfa a inda robar ta haɗu da haƙori. Daga baya wasu suka maimaita irin gwajin da haƙoran mutane da aka cire da ainihin maɓallan gyara.

Sakamakon bai zo iri ɗaya a ko'ina ba, kuma ya kamata ku san haka, domin haka kimiyya take. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna kamu ya ragu sosai idan aka manna nan take bayan haskawa, musamman da maganin asibiti mai ƙarfi. Wasu kuma, galibi waɗanda suka yi amfani da mai sauƙi na gida, ba su ga bambancin a zo a gani ba. Ƙarfin maganin, tsawon lokacin da ya yi a haƙori, irin gam ɗin, har da ruwan da aka ajiye haƙoran a ciki, duk suna canza lissafi. Haka kuma haƙorin da ke cikin kwalba a ɗakin gwaji daban yake da wanda ke cikin baki yana wanka da yawu dare da rana. Amma abu ɗaya ya yi ta maimaituwa: matsalar ba ta dawwama. Idan aka ba haƙori lokaci, oksijin ɗin yakan fice, yawu ya taimaka ya mayar da ma'adinan da saman inamel ya rasa, kamu ya dawo yadda yake. Wasu binciken sun ga mako ɗaya ya isa, wasu sai uku. Shi ya sa za ku ji yawancin likitoci sun tsaya a tsakiya suna cewa mako biyu, wasu su ƙara na uku don kwanciyar hankali.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ma daga littafinku take. Idan oksijin ne matsala, sai a kawo abin da ke cinye shi. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Hong Kong suka nuna cewa wani gishirin bitamin C mai suna sodiyam askobet, idan aka shafa mai ƙarfin kashi 10 a kan haƙorin da aka haska, yana dawo da ƙarfin kamun. Wasu a Turkiyya suka gwada da maɓallan gyara suka ga haka. Likita na iya yin wannan idan akwai gaggawa. Sai dai kada wani ya ji an ce bitamin C ya ruga ya matse lemo a haƙoransa. An zaɓi gishirin ne musamman saboda ba shi da tsami, ruwan lemo kuwa asid ne mai cin inamel. A ganina ma, ga ɗalibi babu wata gaggawa da ta kai a nemi gajeriyar hanya. Aikin da zai ɗauki shekara ɗaya da rabi ko biyu, mako biyu ba komai ba ne a cikinsa.

Wani zai ce to idan maɓalli ya ɓalle ba sai a sake mannawa ba? Ana sakewa, amma da tsada. Haƙori yana tafiya ne a hankali, kamar milimita ɗaya a wata, saboda wayar tana matsa masa ba dare ba rana, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana tsirowa a bayansa. Ran da maɓalli ya saki, wannan haƙorin ya fita daga layi, yana iya fara komawa inda ya fito. Sai an koma asibiti, an kankare tsohon gam, an sake sa asid a wuri ɗaya, wani lokaci ma a koma kan siririyar waya ta baya har ya kamo 'yan'uwansa. Ga kuɗin mota, ga darasin da aka rasa, ga wa'adin cire ƙarfe da ya ƙara nisa. Kuma likitocin da suka ƙware a gyaran haƙora ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu suna manyan birane da asibitocin koyarwa, don haka ga wanda ke zuwa daga nesa, komawa sau ɗaya ma aiki ne.

Me ya sa haƙorin ya canza launi tun farko?

Kafin a yi maganar haskawa, wannan ce tambayar da ta kamata. Iyayenmu da kakanninmu ba su ɗauki farin haƙori a matsayin kyau kaɗai ba. Akwai lokacin da mata ke cin goro su goga furen taba don haƙora su yi ja, ado ne a wancan zamani, kamar yadda ake yabon wushirya har gobe. Dattin goro da shayi a saman haƙori yake zama, kuma wankin haƙori a asibiti yana fitar da mafi yawansa ba tare da an taɓa feroksaid ba. Haka kuma haƙoran girma dama sun fi na yarinta rawaya. Yaro ɗan shekara 12 da ke ganin haƙoransa sun fi na ƙaninsa duhu, lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma launin da ke zuwa daga ruwan sha. Sinadarin fuloraid kaɗan yana kare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma idan ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha lokacin da haƙoransa ke ginuwa a cikin ƙashi, sai su fito da fararen ɗigo ko zane mai ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita. An yi bincike a kan wannan matsala a Langtang ta jihar Filato, kuma a Tibiri kusa da Maraɗi a Nijar ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lalata haƙoran yara masu yawa a shekarun 1980 da 1990, har ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Wanda ya tashi a irin wannan wuri shi ne ya fi kowa jin sha'awar haska haƙori, kuma shi ne ya fi kowa bukatar taka-tsantsan. Saman irin wannan inamel yana yi wa asid taurin kai, ƙarƙashinsa kuma yana da rauni, don haka tun ba a haska ba manna maɓalli a kansa yana da wuya. Idan aka ƙara masa ragowar oksijin, matsala ta zama biyu. Likita yana da dabarun da zai bi, amma sai ya san abin da ke gabansa.

Sai kuma haɗe-haɗen da ke yawo a TikTok da WhatsApp: gawayi, toka, lemon tsami da hodar yin burodi. Waɗannan ba su da feroksaid, don haka ba sa barin oksijin a haƙori. Ɓarnarsu ta wata fuska ce, kuma ta fi muni. Inamel yana fara narkewa idan tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, lemon tsami kuwa yana wajen 2. Ka jiƙa haƙori da shi sannan ka dirje da gawayi, kankare inamel kake yi. Kwana biyu na farko zai yi haske saboda dattin sama ya tafi. Da tafiya ta yi nisa inamel ya sirance, rawayar dentin ta fara leƙowa, haƙori ya fi da duhu, ga tsami idan an sha ruwan sanyi. Oksijin yana ficewa cikin mako biyu, amma inamel ɗin da ya tafi ba ya dawowa, jiki ba ya yin sabo. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta wallafa nazarin da ya tattara binciken da aka yi kan man goge baki na gawayi, ba a samu isasshiyar hujjar cewa yana da amfani ko ba ya cutarwa ba.

Batun shekaru ma yana nan. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar da aka zartar a 2011 ta ce duk maganin da feroksaid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100 sai ta hannun likitan haƙori, kada ya wuce kashi 6, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ɗaya daga cikin dalilan da likitoci ke kawowa shi ne, a haƙorin matashi ɗakin jijiya yana da faɗi kuma yana kusa da sama, don haka feroksaid yana saurin isa gare shi ya jawo zogi. Yawancinku masu karanta wannan shafi ba ku kai wannan shekarun ba. Kwalin da aka saya a intanet ko a shagon kwalliya kuwa, sau da yawa ba wanda zai iya gaya maka ainihin ƙarfin abin da ke ciki. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan kaya, likitan haƙori kuma dole ya kasance yana da rajista da hukumar kula da likitoci ta ƙasa. Mai shagon gyaran gashi da ya sayi fitila mai shuɗin haske ba ya cikinsu.

Idan ƙarfen yana baki, ko an riga an cire

Masu ɗauke da ƙarfe yanzu sukan tambaya ko za su iya haskawa a haka. Feroksaid yana iya yaɗuwa ta gefe ya shiga ƙarƙashin maɓalli, amma babu tabbacin launin zai zo daidai, kuma ba ya haska gam ko ciko ko kaɗan. Ga shi kuma idan wani maɓalli ya ɓalle a tsakiyar haskawar, an dawo kan matsalar farko. Abin da ya fi kamata ya dami mai ƙarfe shi ne gogewa. Ragowar abinci da ke taruwa a gefen maɓalli tana haifar da asid mai zuƙe ma'adinin inamel, ran da aka cire ƙarfe sai a ga farin zane mai kusurwa huɗu ya zagaye inda maɓallin yake. Wannan tabon ya fi rawaya wuyar magani, kuma lemon kwalba da alewa su ne manyan masu kawo shi.

Shi ya sa yawancin likitoci ke cewa a bari sai an gama gyara, dasashi ya huce, an goge ragowar gam tsaf, sannan a duba ko ma ana bukatar haskawar. Sau da yawa idan haƙora suka daidaita aka wanke su, mai su yakan ga launin bai dame shi kamar da ba.

Ko a nan ma lissafin mako biyun bai ƙare ba. Bayan cire ƙarfe, ana yawan manna wata siririyar waya a bayan haƙoran gaba don kada su koma inda suka fito, kuma da irin wancan gam ɗin ake manna ta. Haka cikon farin roba da ake yi wa haƙorin da ya ɓantare a filin ƙwallo. Duk aikin da za a yi da gam da shuɗiyar fitila, likita zai so ya san yaushe rabon haƙorin da feroksaid. Idan ya tambaya, ku faɗi ranar da kuka shafa na ƙarshe da kwana nawa kuka yi kuna shafawa, har da man goge baki ko ruwan kurkure baki da aka rubuta wa cewa yana haskawa, domin wasunsu suna ɗauke da feroksaid kaɗan. In kwalin yana nan, ku sa shi a jaka ku tafi da shi, likita ya karanta bayansa da kansa.